Yadda ake ɗora bodin Ford ta 1932 a kan shasin da aka ƙarfafa

A shekarun 1930 matasan jihar Kaliforniya ta Amurka sun riƙa sayen tsofaffin motocin Ford, su rage musu nauyi, su ƙara wa inji ƙarfi, su tafi tsere a busassun tafkunan Muroc da El Mirage. Irin waɗannan motoci ne ake kira hot rod. Wadda aka fi nema har yau ita ce ƙirar 1932, shekarar da Ford ya fito da injinsa mai silinda takwas da ƙarfin doki 65.

Matsalar tana tasowa idan aka saka inji na zamani, kamar Chevrolet V8 da kan wuce doki 300. Ƙarafan shasin asali a buɗe suke ta ciki, kamar harafin C. Idan inji ya fi ƙarfinsu sai su murɗe, bodi ya fara tsagewa, ƙofa ma tana iya buɗewa mota na cikin gudu.

Saboda haka ake fara aiki daga ƙasa. Mai walda yana rufe buɗaɗɗen gefen da farantin ƙarfe har ya koma kamar akwati, sannan ya gitta wasu ƙarafa a tsakiya kamar harafin X. Ana ɗaure shasin a kan tebur na ƙarfe, ana yin waldar kaɗan-kaɗan, nan da can, domin zafi kansa yana lanƙwasa ƙarfe. Daga nan a auna daga kusurwa zuwa kusurwa. Idan awon biyu bai zo ɗaya ba, shasin ya karkace.

Sai an tabbatar da wannan ake sauke bodi. Ana shimfiɗa roba tsakaninsa da shasi don rage girgiza da ƙara. Ba a ɗaure notuna tamau nan take. Ana rataya ƙofofi, a duba ratar da ke kewaye da su, a cusa siraran ƙarafa a ƙarƙashin bodi inda ya yi ƙasa, har ƙofa ta riƙa rufuwa ba turawa ba ɗagawa.

Wasu kan bar bodin a saman shasi, wasu kan yanke daɓen motar su saukar da shi ya lulluɓe shasin don motar ta yi ƙasa. Ko wanne aka zaɓa, ana sake duba ƙofofi bayan an ɗora inji kuma tayoyi sun taka ƙasa, domin nauyi yana sauya zaman shasi.