Masu Ɗinke Jirgi da Ƙusa a Gaɓar Kainji

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, wasu masunta a gaɓar tafkin Kainji suka kwance injin daga bayan jirgi suka jingine shi a ɗaki. Son in ga da me suke tafiya yanzu ne ya kai ni wani ƙauyen Sarkawa da ke kudu da Yelwan Yauri. Amsar kuwa na nan shanye a bakin ruwa: buhunan taki da na shinkafa aka farke, aka haɗe su da zaren koma, aka ɗaura a jikin gora. Idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, sai ta cika buhun, jirgi ya miƙe kudu ba ko sisin mai. Dawowar ce ke da wuya. Jirgin nan gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, ba ya iya gaba da iska, dole a naɗe buhu a koma ga filafili da ƙarfin dantse.

Mai unguwa ya sa aka kawo ruwa, ya haɗa ni da wani yaro ya kai ni inuwar mangwaron da ake aikin jirage.

A nan na tarar da wani malamin firamare, ya tattare hannun riga, yana fama da jirginsa na farko. Ba sana'arsa ba ce. Asabar da Lahadi yake zuwa, katako kuma ɗaiɗai yake saye idan albashi ya shigo. Wani dattijon masassaƙi na zaune kan kututture yana kallonsa, bai cika magana ba sai ya ga za a yi ɓarna. An riga an jera allunan ƙasa, ana lanƙwasa na gefe da igiya a hankali don kada su tsage. Duk inda allo biyu suka haɗu, sai a cusa tsumma da bakin wuƙa, a zuba narkakkiyar kwalta, a rufe da falle-fallen gwangwani, a bi shi da ƙananan ƙusoshi reras kamar ɗinkin tela. Malamin ya buga wata ƙusa ta karkace, ya so ya wuce. Dattijon ya ce, "Malam, cire ta. Ruwa zai gano ta ko da kai ka manta."

Na tambaye shi ko haka ya gaji aikin. Ya girgiza kai. Mahaifinsa, in ji shi, gungumen maɗaci guda yake samu ya rarake shi da gizago, jirgi ya fito ba haɗi ko ɗaya. Yau ina irin wannan icen? Katakon da ake kawowa daga kasuwa wani ɗanye ne, ya bushe a jikin jirgi ya buɗe baki. Mai saye kuma araha yake nema.

Daga nan hirar ta koma kan itatuwan da ba a gani. Yana yaro aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya hau ya shanye gonaki da tsibiran Gungawa da tsohon garin Bussa, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. Itatuwa da yawa a tsaye ruwan ya rufe su, kuma har yau kututturensu na nan.

"Ɗana," ya ce da ni, "akwai ƙiryar da muka riƙa hutawa a gindinta muna kiwon awaki. Na san inda take. Idan ruwa ya ja baya gab da damina, kanta bai fi kamu ɗaya da saman ruwa ba. Ni zan kauce mata ko da dare ne. Yaron da aka haifa jiya fa, ga inji a bayansa, ga mutane da babura da buhunan masara ya loda?"

Bai ambaci haɗarin jirgin da ya auku kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, wanda ya ci rayukan mutane masu yawan gaske, amma duk wanda ke zaune a wurin ya san inda maganar ta dosa. Abin da ke cinsa shi ne, duk lokacin da jirgi ya kife, tambayar farko da ake yi a kasuwa ita ce wa ya haɗa shi. Ya ce shi yakan gaya wa mai jirgi iyakar kayan da zai ɗauka, har ya nuna masa da yatsa inda ruwa bai kamata ya wuce ba. Daga ranar da aka biya shi, ba ya da sauran iko. Ban ga laifinsa ba, kuma da wuya in ɗora wa direban da ke lissafin kuɗin mai kafin ya lissafa fasinja laifin duka.

Shi ya sa jirgin malamin ya kwanta wa dattijon a rai. Ƙarami ne, mutum uku zai ɗauka, ba inda za a maƙala inji. Malamin ya ce burinsa idan an yi hutun makaranta ya bi gaɓa a hankali har Malale, ya kwana inda dare ya yi masa. Ya tambayi inda zai kafa gorar.

"Matso da ita gaba kaɗan," in ji dattijon. "Kuma kada ka ƙulle igiyar buhun a jikin jirgi. Riƙe ta a hannu, in iska ta fi ƙarfinka ka saki."