Karatun lauya a Nijar: Ana koyarwa da Faransanci, ana shari'a da Hausa

A garin Bande da ke kan hanyar Damagaram zuwa Magarya, a kudancin Jamhuriyar Nijar, rigimar gona ko ta gado ba kasafai take farawa a kotu ba. Mai ƙorafi kan je wurin mai gari, in abu ya gagara a wuce fadar sarki, a tara dattawa da liman su yi sulhu. Sai an kasa daidaitawa ake kai magana kotun Magarya.

Duk tsawon wannan hanya da Hausa masu husumar ke magana. Amma alƙalin da zai raba gardamar da Faransanci ya yi karatunsa, da shi kuma zai rubuta hukunci. Cike wannan giɓi shi ne babban aikin da ke gaban jami'o'in ƙasar masu koyar da aikin shari'a.

Inda ake karatun

Ɗan Bande da ya ci jarrabawar bakaloriya kuma yake son karanta shari'a, yawanci Yamai yake nufa, Jami'ar Abdou Moumouni, ko kuma Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa. Wanda ya fito daga makarantar Larabci yana iya zuwa Jami'ar Musulunci ta Say, wadda ta fara aiki a 1986. Mai son zama alƙali sai ya ƙara da gasar shiga makarantar horar da ma'aikatan shari'a da ke Yamai.

Mafi yawan darussan an gina su ne a kan tsarin Faransa, domin kundin dokar zamantakewa da Nijar ta gada lokacin samun 'yanci a 1960 ya samo asali daga na Faransa na 1804. A fannin kasuwanci kuwa ana koyar da dokokin OHADA, yarjejeniyar 1993 da ta haɗa ƙasashen Afirka 17, wadda kotun ƙolinta ke Abijan.

Abin da doka ta ce game da al'ada

Ita kanta dokar Nijar ba ta yi watsi da al'ada ba. Dokar tsarin kotuna ta 2004, da ta 2018 wadda ta maye gurbinta, sun umarci alƙali ya yi aiki da al'adar masu ƙara a batun aure, saki, gado, wasiyya da filayen da ba a yi wa rajista ba, matuƙar ba ta saɓa wa doka ba. Shi ya sa masana al'ada ke zama tare da alƙali suna ba shi shawara. A ƙasar Damagaram wannan al'ada ta cuɗanya da fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaure.

Haka nan dokar karkara ta 1993 ta amince da mallakar gona ta hanyar gado da al'ada, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye da ake kira COFO. A yanki mai cunkoson jama'a kamar Magarya da Dungas, inda gonaki ke ƙara tsukewa kuma ake taƙaddama kan burtali tsakanin manoma da makiyaya, waɗannan su ne shari'o'in yau da kullum. Matashin da ya haddace dokar Faransa amma bai iya lissafin rabon gado ba, bai kuma san yadda ake rubuta takardar sulhu ba, sai ya sake sabon karatu ranar da ya kama aiki.

Sabon matsayin Hausa

A watan Maris na 2025, sabon kundin da mahukuntan soja suka ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Sai dai ayyanawa a takarda ba ta isa ta sauya aji ba. Ana buƙatar fassara dokoki, da daidaita kalmomin shari'a, da malaman da za su iya koyarwa da harsunan biyu. Kafin a kai ga haka, talaka zai ci gaba da dogara ga tafinta, alhali kuskuren kalma ɗaya na iya raba mutum da gonar kakanninsa.

Darasi daga tsallaken iyaka

Daga Magarya ana bi ta Tinkim a shiga Najeriya, inda 'yan yankin da dama ke fatauci da cin rani. A can tsarin Ingila ake bi: shekara biyar a jami'a, sannan shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano sun daɗe suna haɗa dokar zamani da shari'ar Musulunci a digiri ɗaya, kuma Nijar na iya duba wannan tsari.

Najeriya ba ta cikin OHADA. Ke nan ɗan kasuwar Bande da aka riƙe wa kuɗin wake ko riɗi a Dawanau yana buƙatar lauyan da ya san dokokin ɓangarorin biyu, musamman tun bayan ficewar Nijar daga ƙungiyar ECOWAS a watan Janairun 2025.

Wa zai dawo gida?

Akasarin lauyoyin Nijar a Yamai ofisoshinsu suke, duk da cewa akwai kotun ɗaukaka ƙara a Damagaram. A 2011 an yi dokar kafa hukumar ANAJJ don taimaka wa marasa hali a gaban shari'a, amma hukuma ba ta aiki sai da ƙwararru a kusa da jama'a. Idan jami'o'i suka wajabta wa ɗalibai zaman koyon aiki a ƙananan kotuna, da ofisoshin COFO, da fadojin sarakuna, za su fito sun san mutanen da za su yi wa aiki.

Lamarin ya shafi har 'yan ƙasar da ke Kano, Legas, Libiya ko Turai, masu aiko da kuɗi a saya musu fili a gida. Ranar da magada suka tashi da gardama, abin da zai cece su shi ne takardar da aka rubuta daidai, da wanda zai iya karanta ta ya kuma bayyana ta da Hausa a gaban sarki da alƙali.