Me ya sa babban fayil ke nawa wajen shiga ma'ajiyar haɗaka?

Ranar 25 ga Fabrairun 2023, bayan an ƙirga ƙuri'u a rumfunan zaɓen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kamar sauran rumfuna sama da 176,000 a faɗin Najeriya, aikin na'urar BVAS shi ne ta ɗauki hoton takardar sakamako ta tura shafin IReV. Sakamakon 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa kuwa ya maƙale har dare. Jama'a da dama suka ce ai sabis ne. Rahoton INEC daga baya ya nuna matsalar tana can inda ake ajiya: manhajar tana jera sakamako jiha-jiha, sai ta kasa buɗe wa zaɓen shugaban ƙasa gurbi, tunda shi ba na jiha ɗaya ba ne.

Wato tura fayil daban, ajiye shi daban. Manyan hukumomi ba kwamfuta ɗaya suke dogara da ita ba. Kwamfutoci da yawa ake haɗawa su yi tarayya a ma'ajiya guda, kuma a nan ne ko ba kuskuren manhaja rubuta babban fayil yake nawa.

Ɗauki sito ɗaya da 'yan kasuwa goma ke zuba masara a ciki. Leƙawa a ga buhuna ba ta da wuya, kowa na iya yi a lokaci guda. Amma mai zuba kaya sai ya karɓi makulli, ya rubuta a littafi inda ya ajiye, don kada wani ya ɗora nasa a kai. Tsarukan GFS2 da OCFS2 haka suke: kafin kwamfuta ta yi rubutu sai ta nemi izini daga sauran ta hanyar waya. Idan biyu suna rubutu a wuri ɗaya, makullin ya dinga kai-komo ke nan, faifan kuma yana zaune yana jira.

Sai batun kwafi. Ceph, a yadda yake zuwa, kwafi 3 yake yi wa kowane gutsure, kuma ba zai ce "an ajiye" ba sai duk sun tabbatar. Faifai ɗaya mai rauni ya isa ya ja wa kowa.

Abin da ya fi ruɗa masu kula da kwamfuta shi ne kwafin kan fara da gudu, sannan ya faɗi warwas. Gudun farkon nan na bogi ne: bayanan suna taruwa ne a ƙwaƙwalwar wucin gadi ta RAM. Ƙaramin fayil yakan shige ciki gaba ɗaya, shi ya sa ba a lura. Babba kuwa yana cika ta, daga nan sai ainihin saurin waya da faifai ya fito fili. Wayar gigabit 1 ba ta wuce megabait 125 a daƙiƙa, don haka fayil mai gigabait 100 zai ci fiye da minti 13, ko da babu makulli babu kwafi.

Saboda haka in za ka gwada irin wannan ma'ajiya, yi da fayil da ya fi RAM ɗinka girma, kuma daga kwamfutoci biyu a lokaci ɗaya.