Kafin Ka Ɗaure Kaya Zuwa Sifaniya Koyon Harshe

Duk mai zuwa gidan kallon ƙwallo ya san zafin karawar Barcelona da Real Madrid. Abin da ba kowa ya lura da shi ba, a filin Camp Nou na Barcelona idan agogon wasa ya nuna minti 17 da daƙiƙa 14, wasu 'yan kallo sukan ɓarke da ihun neman 'yancin kan yankinsu na Kataloniya. Shekarar 1714 suke tunawa, lokacin da birninsu ya faɗa hannun sojojin Sarki Felipe na Biyar. Ɗalibin da ya samu gurbin koyon Sifaniyanci a can, ya tafi da littafin nahawu kaɗai, guzurinsa bai cika ba.

Daga 1936 zuwa 1939 'yan Sifaniya sun yi yaƙin basasa, Janar Francisco Franco ya yi nasara, ya riƙe mulki har mutuwarsa a 1975. A zamaninsa an kori harsunan Kataloniya da Basque da Galisiya daga makarantu da ofisoshin gwamnati. Tsarin mulkin 1978 ne ya ba su damar zama harsunan hukuma a yankunansu. Shi ya sa a Barcelona za ka tarar da sunayen tituna da harshen Kataloniya, haka ma darussa da yawa a jami'a. Idan mai shago ya gaishe ka da shi, ba don wulaƙanci ba ne. Harshen da aka hana kakarsa karatu da shi ne. Tutocin da ke rataye a barandar gidaje ma magana suke yi, musamman tun ƙuri'ar raba gardama kan 'yancin kai ta 1 ga Oktoba 2017, wadda kotu ta haramta, 'yan sanda kuma suka yi ta dukan masu zaɓe.

Akwai kuma shirun da aka yi yarjejeniya a kansa. Dokar afuwa ta 1977 ta rufe bakin shari'a kan laifukan yaƙin basasa da mulkin Franco, dubban gawarwaki suka ci gaba da kwanciya a kaburburan bai-ɗaya. Sai a 2019 aka tono gawar Franco daga katafaren kabarinsa kusa da Madrid. Ɗalibai da yawa a gidajen mutane ake saukar da su, kuma a teburin cin abinci ne ɓarin baki yake tsada: ba ka san ko mahaifin dattijuwar gidan yana cikin waɗanda aka harbe ba, ko cikin masu harbin.

A ganina, mai son jin Sifaniyanci safe da yamma ya fi dacewa da Salamanca ko Granada. Mu Musulmi zuciyarmu takan karkata Granada saboda fadar Alhamra da tarihin Andalus da ya ƙare a 1492. Amma a wajen garin nan ne aka harbe mawallafi Federico García Lorca a 1936, kuma har yau ba a gano gawarsa ba.