Ƙwayoyin Tsamin Nono da Kamu: Yadda Suke Kama Tutiya da Sauran Ƙarafa

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu bayyana dangantakar da ke tsakanin ƙwayoyin bakteriya masu tsamar da abinci da sinadarin zinki, wato tutiya. Misalanmu daga ƙasar Minjibir muka ɗebo su, inda gero da dawa su ne cimar yau da kullum. Tun a 1961 Ananda Prasad ya lura a Iran cewa ƙarancin tutiya a jiki yana tsumburar da yara.

Yadda Kamun Yake

Ƙwayoyin da ke mai da madara kindirmo, su kuma tsamar da kamu, dangin Lactobacillus da Leuconostoc ne. Kowace ƙwaya tana da bango mai kauri, wanda ke ɗauke da cajin lantarki kishiyar na tutiya da dalma. Don haka da sun haɗu sai ƙarfen ya manne a bangon, kamar allura a jikin mayen ƙarfe. Cikin mintoci kaɗan wannan ke faruwa, kuma ko matacciyar ƙwaya tana yin sa. Amma idan tsami ya yi yawa, riƙon yakan yi rauni, ƙarfen ya saku. A 2009 masana a Zagreb sun nuna haka game da tutiya, bayan na Turku a Finlan sun nuna a 2007 cewa ƙwayoyin suna tsame dalma daga ruwa.

Amfaninsa a Gida

Gero yana da tutiya, sai dai akwai wani sinadari a cikinsa, fayitet, wanda ke ɗaure ta, ya hana hanji tsotsa. Idan uwargida ta jiƙa gero ya kwana, ta niƙa, ta bar ƙullun ya yi tsami, tsamin yakan ta da sinadarin da ke warware fayitet. Ke nan kokon kamu ya fi kunun ɗanyen gari sakar wa yaro tutiya.

Kammalawa

Bangon nan ba ya bambanta mai amfani da mai guba. Duk da haka, kada a ɗauka nono maganin gubar dalma ne, irin wadda ta hallaka yara fiye da 400 a Zamfara a 2010. Wannan aikin asibiti ne. Shawararmu ga malamai ita ce su koya wa ɗalibai darajar jiƙo da tsami, su kuma gargaɗe su game da ajiye abinci mai tsami a bokitin kwano, domin tsami yana cin ƙarfe.