Haoussa ko Hausa? Abin da ɗalibin ilimin harshe ya kamata ya sani game da LinkedIn

Yawancin ɗalibanmu sun saba da WhatsApp da Facebook, amma kaɗan ne suka buɗe shafi a LinkedIn, dandalin da aka ƙaddamar a Amurka a 2003 domin ma'aikata da masu ɗaukar aiki. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016 a kan dala biliyan 26.2, kuma a 2023 masu rajista a cikinsa suka kai biliyan ɗaya. A can ne kamfanonin fassara, da ƙungiyoyin agaji, da masu tara bayanai domin koya wa kwamfuta harshe suke yawan neman wanda ya iya Hausa. Buƙatar ba sabuwa ba ce: tun a 2013 Google Translate ya saka Hausa cikin harsunansa, kuma irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai da mutanen da za su fassara, su gyara, su tantance.

Abin da ya dace mai ilimin harshe ya fara fahimta shi ne, kafin idon ɗan Adam ya faɗa kan shafinka, na'urar bincike ce take karanta shi. Mai neman ma'aikaci yakan rubuta kalma biyu ko uku, na'urar ta fito masa da shafukan da ke ɗauke da su. A nan ɗan Nijar yake yin asara bai sani ba. Mun yi karatu da Faransanci, don haka muke rubuta "haoussa", alhali wanda yake Landan ko Nairobi "Hausa" zai rubuta. Idan wannan kalma ba ta cikin shafinka, da wuya ka bayyana masa, ko da kai ne zakaran ajinku a Jami'ar Abdou Moumouni. Haka "peul" yake da "Fulfulde", haka "djerma" da "Zarma". Maganin ba wuya: a rubuta sunan harshen ta fuska biyu, kuma tunda dandalin ya yarda mutum ya yi wa shafinsa kwafi a harshe na biyu, a yi ɗaya da Faransanci, ɗaya da Ingilishi.

Sai layin da ke ƙarƙashin suna. "Ɗalibi mai neman aiki" bai gaya wa kowa komai ba. Faɗi abin da hannunka ya iya: fassara daga Faransanci zuwa Hausa, mayar da magana rubutu, gyaran rubutu, karanta ajami. Masu fassara tsakanin Ingilishi da Hausa suna da yawa a Najeriya. Masu yi tsakanin Faransanci da Hausa ba su kai su yawa ba, kuma wannan rata taku ce. Ka ambaci karin harshen da ka tashi da shi, na Damagaram ne, ko na Adar, ko Katsinancin Maraɗi. Ka nuna ka san ƙa'idar rubutun ƙasashen biyu, inda mu muke rubuta ƴ, maƙwabtanmu su rubuta 'y. Shafin da mai shi yake da'awar ƙwarewa a Hausa amma ya rubuta "kasa" a gurbin "ƙasa" ya riga ya ba da shaida a kan kansa.

Wanda bai taɓa aikin albashi ba kada ya bar shafinsa fayau. Kundin kammala digiri aiki ne, a saka takensa da taƙaitaccen bayani. Gudummawa ga Wikipedia ta Hausa, ko ga Common Voice na Mozilla inda ake tara muryoyi, abu ne da kowa zai iya dubawa. Ƙungiyoyi irin su Masakhane da HausaNLP suna haɗa masu binciken harsunan Afirka, kuma bin shafukansu ya fi aika gayyata ga baƙi ɗari biyar. Malamai ma suna da rawa: layi uku na shaida daga wanda ya duba kundin ɗalibi suna da nauyi a wurin wanda bai san jami'o'inmu ba.

Akwai ƴan damfara, kamar a kowace kasuwa. Duk wanda ya nemi kuɗin rajista kafin ya ba ka aiki, rabu da shi. Gwajin fassara kyauta kada ya wuce ƴan sakin layi, kuma kafin ka fara aiki ku yi magana a rubuce kan farashin kowace kalma, da ranar biya, da hanyar da kuɗin za su iso Nijar.