Yauƙin Ƙarƙashin Ruwa Da Asarar Da Yake Jawowa

MINNA: Duk mai kwalekwale a tafkin Kainji ko na Shiroro ya san santsin da ke lulluɓe gindin jirgi idan ya daɗe cikin ruwa. Wannan yauƙi, wanda ake ɗauka dauɗa ce kawai, yana cikin abubuwan da ke cinye ribar masu sufurin ruwa a duniya.

Tun a shekarar 1935 masanin nan na Amurka, Claude ZoBell, ya nutsa ɓallayen gilashi cikin teku, ya gano cewa ƙwayoyin bakteriya ne ke fara maƙalewa. Da farko sinadaran da ke cikin ruwa kan kwanta a jikin ƙarfe ko katako. Cikin 'yan sa'o'i sai ƙwayoyin su sauka, su fitar da wani abu mai danƙo da ke riƙe su. A kan wannan shimfiɗa ne gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo ke samun wurin zama.

Wani rahoto na Hukumar Sufurin Jiragen Ruwa ta Duniya ya nuna cewa yauƙi mai kaurin rabin milimita, in ya rufe rabin gindin jirgi, yana iya ƙara hayaƙin da jirgin ke fitarwa da kimanin kashi 25 cikin 100, wato ƙarin man da ake ƙonawa ke nan. A da ana maganinsa da fenti mai gubar TBT, amma yarjejeniyar 2001, wadda ta fara aiki a 2008, ta haramta shi saboda kisan halittun ruwa.

Ko da yake Jihar Neja ba ta da teku, lamarin ya shafe ta. Tashar lantarki ta Kainji, da aka buɗe a 1968, da ta Shiroro mai megawat 600, da aka buɗe a 1990, suna sanyaya injuna da ruwan kogi. Yauƙi a cikin bututu yana rage gudun ruwa, yana hana zafi fita, yana kuma gaggauta tsatsa. Haka nan yakan toshe ragar kejin kiwon kifi, iska ta yi wa kifin ƙaranci.

Jihar tana da Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Minna da Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi a Sabuwar Bussa. Ya kamata kamfanonin lantarki da masu jiragen ruwa su zuba kuɗi a waɗannan wurare, domin a auna saurin taruwar yauƙi a ruwayenmu, a tsayar da lokutan kankara da wanki. Kuɗin wanke bututu bai kai na tsayar da inji ba.